Kakar Farko: Yaron Ake Aunawa ko Gidan da Ya Sauka?

A farkon shekarar 2009 kulob ɗin CSKA na birnin Mosko ya sayi wani saurayi ɗan Nijar daga Lokeren ta ƙasar Beljiyam. Musa Ma'azu ke nan, haifaffen Yamai, wanda ba da jimawa ba kafin nan yake taka leda a AS FAN, ƙungiyar sojojin ƙasa. Shekarunsa 20, dogo ne, ga gudu, kuma ya shiga Beljiyam da ƙafar dama. Shekara uku bayan haka, cikin Janairun 2012, kulob ɗin ya sake sayen wani saurayi daga yankinmu, Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars kafin ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Shi ma gudu ne jarinsa, shekarunsa 19. Gari ɗaya suka sauka, riga ɗaya suka sa, sanyi ɗaya ya kaɗa su. Ma'azu bai wuce shekara ba aka fara ba da shi aro. Ahmed Musa ya shekara huɗu da rabi, ya ci gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016.

Da a ce za a kai maganar gidan kallo a Dakoro, ba za ta ɗauki minti biyu ba: wannan ya iya, wancan bai iya ba, shi ke nan. Mai yiwuwa ma da ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai akwai abin da hukuncin ya tsallake. A shekarar da Ma'azu ya isa Mosko, masu horarwa uku suka riƙe CSKA. Zico ɗan Barazil ya fara, aka sallame shi a watan Satumba. Juande Ramos ɗan Sifaniya ya karɓa, bai cika wata biyu ba shi ma ya kama gabansa. Sannan Leonid Slutsky ya zo. Yaron da bai jin Rashanci, yana fama da sabon abinci da sabon yanayi, sai da ya nemi shiga wurin iyayen gida uku cikin wata goma, kowanne da salonsa da ƴan gaban goshinsa. Ahmed Musa kuwa Slutsky ya tarar, kuma Slutsky ya bari ranar da ya tafi.

Abin da ya biyo baya a rayuwar Ma'azu ya nuna ba ƙafa ce ya rasa ba. Da aka ba Monaco aronsa a Janairun 2010 ya ci ƙwallaye cikin rabin kaka, har da wadda ya zura wa Lens a ƙarin lokaci, ta kai su wasan ƙarshe na kofin Faransa. Ranar 10 ga Oktoban wannan shekara, a filin Janar Seyni Kunce na Yamai, shi ya ci Masar ƙwallo ɗaya tilo, alhali Masar na riƙe da kofin Afirka sau uku a jere. Wannan nasara tana cikin abin da ya kai Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, gasar Afirka ta 2012, karo na farko a tarihinta, a hannun Haruna Dula. Amma a wajen kulob ba a sake barinsa ya ajiye jaka ba. Bordeaux ba ta karɓe shi ba, ya koma Monaco ya ji rauni a gwiwa, daga nan sai Zulte Waregem, sai Le Mans, sai Étoile du Sahel ta Tunisiya, sai Fotugal. A Marítimo, a kakar 2014 zuwa 2015, ya shiga sahun masu yawan ci a gasar ƙasar, kafin kaka ta ƙare an sayar da shi ƙasar Sin.

Mai shakka zai ce ai Ahmed Musa ko ina ya faɗa zai tashi. An gwada. A Yulin 2016 Leicester, wadda ta ba duniya mamaki ta ci gasar Ingila, ta saye shi a kan fam miliyan 16 da ɗoriya, kuɗin da ba ta taɓa zubawa a kan ɗan wasa ba kafin ranar. A wasan sada zumunci da Barcelona ya ci biyu, jaridu suka ɗauka. Sai kaka ta kama. N'Golo Kanté ya riga ya tafi Chelsea, tsakiyar fili ta zube, aka kori Claudio Ranieri a Fabrairun 2017, Craig Shakespeare ya hau, shi ma aka kore shi a Oktoba, Claude Puel ya zo. Ƙwallo biyu kacal Ahmed Musa ya ci a gasar Firimiya a kakarsa ta farko, daga baya aka jingine shi gaba ɗaya. A Janairun 2018 ya koma Mosko a matsayin aro, ƙwallaye suka dawo, kuma a watan Yuni ya zura wa Iceland biyu a gasar duniya. Wato abin da ya sami Ma'azu a Mosko shi ya sami Ahmed Musa a Leicester, har yawan masu horarwar bai canza ba.

Misali biyu ba su isa hujja ba. Wurin da aka fi tara bayanai a kan yadda sabon shiga ke yi a shekararsa ta farko shi ne Amurka, a wani wasa da ba a cika haska shi a gidajen kallonmu ba, ƙwallon Amurka ta gasar NFL, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ko a jefa da hannu. Masoya tamaula na iya cewa wannan kokowa ce da hular kwano, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. Ƙungiyoyi 32 ne, kowacce tana wasa 17 a kaka tun 2021. A cikin mutum goma sha ɗaya da ke kai hari akwai guda da komai ke bi ta hannunsa, shi ne kwatabak, jagoran hari. Kafin kowane yunƙuri koci zai faɗa masa tsarin da za a bi ta rediyon da ke cikin hularsa, shi kuma ya tara ƴan uwansa ya isar musu, agogo na ƙirga daƙiƙa 40. Sai ya tsaya bayan ƙattai biyar da aikinsu kare shi ne kawai, ya ƙare wa abokan hamayya kallo, ya karanta inda za su ɓullo, in ta kama ya sauya tsarin nan take da ihu. Ana miƙo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafun na gabansa, abin da yake da shi bai cika wuce daƙiƙa uku ba kafin wani mai nauyin kilo ɗari da talatin ya danne shi. Cikin wannan ɗan taƙi zai duba mutum na farko, in an tsare shi ya duba na biyu, ya duba na uku, ya jefa. A tamaula babu wanda ke ɗauke da irin wannan kaya shi kaɗai. Sai an haɗa mai lamba goma da kyaftin da mai tsaron gida a jiki ɗaya.

Yadda ake raba sabbin ƴan wasa a can shi ne abin lura. Kowane watan Afrilu ƙungiyoyi na zaɓen samarin da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kaye a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. An yi haka ne don kada mai ƙarfi ya dawwama a sama. Sakamakonsa kuwa, yaron da ya fi kowa iyawa shi ke faɗawa gidan da ya fi kowane rubewa, inda masu kariya ba su da ƙarfi, koci yana kan siraɗi, magoya baya sun gaji da jira. Ba ya da ta cewa. A miƙa masa riga da hula, a ɗauki hoto, a ce ga mai ceto ya iso.

Peyton Manning shi aka fara zaɓa a 1998. A kakarsa ta farko a Indianapolis abokan hamayya sun cafe jifansa sau 28, abin da babu sabon shigan da ya taɓa kaiwa, ƙungiyar ta ci wasa 3 ta sha kaye a 13. Da gidan kallo ke yanke hukunci da tuni an sa shi a mota. Shekarar da ta biyo lissafin ya juye, 13 da 3, kuma kafin ya yi ritaya ya zama gwarzon shekara sau biyar, ya ɗauki kofin Super Bowl sau biyu. Troy Aikman ya fara wasa goma sha ɗaya a Dallas a 1989, bai ci ko ɗaya ba. Daga baya ya ɗauki kofin sau uku. Amma ba kowa ke fita daga irin wannan wuta da ransa ba. David Carr shi sabuwar ƙungiyar Houston ta fara zaɓa a 2002, ba ta tanadar masa masu kariya ba, aka kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76 a kaka guda, adadin da har yau ba a wuce ba. Masu bin wasan sun daɗe suna cewa daga nan idonsa ya bar kallon wanda zai jefa wa, ya koma kallon wanda zai buge shi. Bai sake zama abin da aka yi zato ba.

Kwanan nan ma an sake maimaitawa. A 2023 Carolina ta ɗauki Bryce Young na ɗaya, Houston ta ɗauki C.J. Stroud na biyu. An kayar da Young sau 62, an kori kocinsa Frank Reich bayan wasa goma sha ɗaya, ƙungiyar ta ƙare da nasara 2 kacal. Stroud ya yi jifan ci 23, sau 5 kawai aka cafe masa, ya zama gwarzon sabbin masu kai hari. Nan da nan aka ce Carolina ta yi zaɓen tumun dare. Shekara guda bayan haka kariyar Stroud ta yi rauni, aka kayar da shi sau 52, aka cafe masa 12, masu yabon suka fara tauna harshe. Jared Goff ya fara wasa bakwai a 2016 bai ci ko ɗaya ba. Da aka kawo Sean McVay ya zama koci, ƙungiyar Goff ta ci goma sha ɗaya a shekara mai bi, ta kai wasan ƙarshe a wadda ta biyo. Trevor Lawrence ya yi kakarsa ta farko a Jacksonville a 2021 ƙarƙashin kocin da aka kora bayan wasa goma sha uku, aka ci 3 aka faɗi 14. Sabon koci na zuwa suka shiga zagayen fitar da gwani.

A Amurka akwai tsohuwar gardama a kan wannan: a jefa yaro fili tun ranar farko ne, ko a zaunar da shi ya koya? Masu cewa a zaunar suna da manyan shaidu. Aaron Rodgers ya shekara uku a benci bayan Brett Favre a Green Bay, daga 2005, sannan ya zama gwarzon shekara sau huɗu. Patrick Mahomes wasa ɗaya ya fara a 2017, yana kallon Alex Smith a hannun Andy Reid. A 2018 ya yi jifan ci 50. Tom Brady, wanda sai da aka zaɓi mutum 198 kafin a waiwaye shi a 2000, jifa uku ya yi a duk kakarsa ta farko, ya ƙare da kofi bakwai. Masu cewa a jefa su ma ba su rasa nasu ba. Ben Roethlisberger ya fara wasa 13 a Pittsburgh a 2004 ya cinye su duka. Jayden Daniels ya kai Washington wasan kusa da na ƙarshe a kakar 2024, a shekarar da aka kayar da Caleb Williams, wanda aka zaɓa kafin shi, sau 68 a Chicago.

In aka duba da kyau, gardamar ba a wurin da ya kamata ake yin ta ba. Rodgers da Mahomes ba bencin ne ya gyara su ba. Sun samu zama a benci ne saboda gidajensu na tsaye, akwai mai riƙe da aikin, babu wanda ke gaggawa. Roethlisberger ya faɗa ƙungiyar da ke da tsaro mai ƙarfi da masu ruga da ƙwallo, ba a nemi ya ɗauki kowa a wuya ba. Brock Purdy shi ne na 262, mutum na ƙarshe da aka zaɓa a 2022, amma da rauni ya kwantar da na gabansa a San Francisco ya shiga cikin ƙungiya cikakkiya, ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe. Zama da shiga duka suna aiki a gida mai tsari, duka suna ɓaci a gidan da ba shi da shi. Kuma duk da waɗannan labarai, har yanzu babu kwatabak ɗin da ya jagoranci ƙungiya a wasan Super Bowl a shekararsa ta farko.

Kuɗi ma sun rage haƙuri. A 2010 Sam Bradford ya sa hannu a kan dala miliyan 78 bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba. A 2011 aka ƙayyade albashin sabbin shiga, Cam Newton ya samu miliyan 22 na shekara huɗu. Tun daga nan sabon kwatabak ya zama kaya mai araha, ƙungiyoyi na son su mori arahar kafin wa'adin ya cika, kuma yar da shi ba ya ciwo. Arizona ta zaɓi Josh Rosen na goma a 2018, bayan kaka ɗaya ta sallame shi zuwa Miami. Washington kuwa ta bar Robert Griffin yana wasa da gwiwa mai ciwo a Janairun 2013, a ƙarshen kakar farko mai ban sha'awa, gwiwar ta ƙarasa lalacewa a gaban jama'a.

A tamaula tsarin a juye yake, amma ramin ɗaya ne. Can ana tura gwani gidan da ya fi talaucin ƴan wasa. Nan kuɗi ke jansa gidan da ya fi cika, inda akwai manya uku a gabansa kuma koci ba ya da lokacin koyarwa. Umar Sadiq ɗan Kaduna ya ga wannan. Yana da shekara 18 ya fara buga wa Roma a ƙarshen 2015, ya ci Genoa a Disamba, ya ci Chievo a farkon Janairu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kori Rudi Garcia, wanda ya ba shi dama. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 ya ci ƙwallo huɗu, biyu a wasan da ya ba Najeriya tagulla. Duk da haka sai aro ya biyo aro: Bologna, Torino, NAC Breda, Rangers, Perugia. A Glasgow sai da ya zama abin dariya a bakin ƴan kallo. Sai da ya isa Partizan ta Sabiya a 2019, inda ake sa shi wasa kowane mako, sannan aka ga ko wane ne. Almería ta saye shi a 2020, a rukuni na biyu na Sifaniya, ya ci 20 a kakar farko, ya ci 18 a ta biyu suka hau rukunin sama, Real Sociedad ta biya Yuro miliyan 20 a kansa a 2022. Shekara huɗu na ƙuruciyarsa sun tafi a ɗaura jaka da kwancewa. Ba banza ba FIFA ta fara ƙayyade yawan ƴan wasan da kulob zai iya bayarwa aro zuwa ƙetare tun 2022.

Rabi'u Ibrahim ɗan Kano, mai lamba goma a ƙungiyar ƴan ƙasa da shekara 17 da ta ci kofin duniya a Koriya ta Kudu a 2007, an yi ta kiransa magajin Okocha. Sporting, PSV, Celtic, duk manyan sunaye, duk benci. A Sulobakiya ya samu wurin zama. Zaidu Sanusi ɗan Jega kuwa ba wanda ya yi masa kirari. Ya ratsa ta Mirandela a ƙananan rukunan Fotugal, ya hau Santa Clara a 2019, Porto ta ɗauke shi a 2020, kuma a Mayun 2022 ƙwallonsa a gidan Benfica ce ta ba Porto kofin gasar. Shi ma Ahmed Musa, in aka waiwaya, matakala ya bi: JUTH ta Jos, sannan Kano Pillars inda ya ci 18 a kaka ɗaya, sannan ƙaramin kulob a Holan, wanda dokar FIFA ta sa ya jira sai da ya cika shekara 18 a Oktoban 2010 kafin ya buga masa.

Abin mamaki, mutanen Dakoro ba su buƙatar Amurka ta koya musu wannan. Duk wanda ya taɓa horar da sabon sa a amalanke a ƙasar Kornaka ko Birnin Lalle ya san ba a ɗaura shi shi kaɗai da lodin gero ranar farko. Da tsohon sa ake haɗa shi, a fara da amalanke wayam, a ƙara kaya sannu a hankali. Kokowa ma haka aka gina ta. Yaro yana farawa a dandalin ƙauye bayan an kai amfanin gona gida, da tsararrakinsa, ga kalangu ga tsofaffin ƴan kokowa a gefe suna gyara masa tsayuwa. In ya yi fice a kai shi ƙauyukan maƙwabta, daga nan zaɓen gunduma, daga nan Maraɗi, fagen da ke ɗauke da sunan Yakuba Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa a 1975. Mutum goma kawai kowace jiha ke kaiwa, tamanin ke nan daga jihohi takwas, kuma sabon da ya samu shiga yana tafiya ne cikin tsofaffin hannu da suka san fagen. Dokar takobi tana da tsanani, kaye ɗaya ya fitar da mutum daga neman takobin shekarar. Amma ba a kora shi gida. Gobe zai sake shiga fage domin jiharsa, jibi ma haka, ya gwada ƙarfi da na Doso da na Damagaram da na Agadas, ya dawo baɗi da abin da ya koya. Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, ta wannan hanya ya biyo kamar kowa. Ba a taɓa jin dattijon kokowa ya soke yaro don ya faɗi a zuwansa na farko ba.

Amma a shiga gidan kallo da daren Asabar a ga mutanen nan dai. An rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo a bakin ƙofa, inji na ruri a baya, benci ya cika har ana tsayuwa, mai shayi na kai da kawo. A sako sabon yaro saura minti ashirin, ƙwallo ta farko ta kuɓuce masa, sai ihu ya tashi daga baya: "A cire shi! Wa ya sayo wannan?" In wani dattijo ya ce, "Kai yaro, ka bar shi ya sha iska mana," amsar a shirye take: "Baba, kuɗin da aka zuba a kansa ai ba na shan iska ba ne." Mutumin da zai ba ɗan kokowar garinsu shekara biyar ya nuna, shi ne ba zai ba ɗan ƙwallo minti biyar ba. Francis Uzoho yana da shekara 19 aka damƙa masa ragar Najeriya a gasar duniya ta 2018, saboda Vincent Enyeama ya ajiye, cutar sankarar jini kuma ta kwantar da Carl Ikeme. Ba shi ya nemi a yi masa gaggawa ba. Amma abin da aka riƙe masa shi ne ƙwallon Thomas Partey da ta wuce ta ƙarƙashinsa a Abuja a Maris ɗin 2022.

Kada a ɗauka ana wanke kowane yaro ne. Ryan Leaf, wanda aka zaɓa na biyu bayan Manning a 1998, ya yi jifan ci 2 aka cafe masa 15, ya yi faɗa da ƴan jarida da abokan wasa, kafin 2002 ta ƙare ya bar wasan. Wannan halinsa ya ci shi. A nan gida ma an san samarin da kuɗin farko ya ruɗa, da waɗanda suka rage shekaru a takarda har jiki ya tona su. Gida nagari ba ya mayar da malalaci gwani. Abin da lissafin ke nunawa shi ne, kakar farko ita kaɗai ba ta iya raba Leaf da Manning a idon mai kallo, domin dukansu sun sha kaye a 1998. Wanda ke ganin yaro a wurin atisaye kowace safiya shi ke iya rabawa, in an bar shi a kujerarsa ya daɗe.

Nan ne abin ya shafi Nijar kai tsaye. Ƙasar da gasarta ba ta biyan albashin da zai riƙe saurayi dole ta riƙa fitar da ƴaƴanta, kuma dillali ladansa na ƙaruwa ne da girman cinikin, ba da yawan mintocin da yaro zai buga ba. Hukumar FENIFOOT da kulob irin su Ɗan Kasawa da Jangorzo na Maraɗi ba za su iya hana kowa tafiya ba, bai ma kamata su hana ba. Abin da ke hannunsu shi ne su sa wanda ya san takarda ya zauna da iyaye kafin a sa hannu, kuma su bar kocin matasa a wurinsa ya ga yaran da ya fara da su sun girma. Uban da dillali ya shigo masa gida da hoton babban fili da rigar da ake gani a talabijin, kafin ya tambayi nawa ne, ya tambayi mutum nawa ke gaban ɗansa a wannan matsayi, da kuma koci nawa kulob ɗin ya kora cikin shekara biyu da suka wuce. Amsoshin duka suna cikin wayar da ke aljihun ƙanen yaron, kuma in dillali ya ƙi a duba, kada a sa hannu.